Baƙin bango da tsohuwar randa a falo: ado ne ko kuwa?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. Mun kama haya a nan Kano, ɗaki biyu da falo, ƙarshen wata za mu tare in Allah ya yarda. Na daɗe ina tara hotunan wasu irin ado guda biyu a Pinterest. Ɗaya shi ne boho mai duhu: bango ruwan gawayi ko kore mai duhu sosai, darduma a kan darduma, matasai a ƙasa, kwanduna rataye a bango, shuke-shuke, ƙananan fitilu masu jan haske a lungu-lungu. Ɗayan kuma wabi-sabi na mutanen Japan, inda za ki ga bango kamar yaɓen ƙasa, benci na tsohon katako, sai tukunya ɗaya da busasshen reshe a ciki. Ni so nake in haɗa su a falona. Na gaji da kujeru masu ruwan gwal da labule mai ƙyalli, duk gidan da kika shiga iri ɗaya. Abban Ilham ya ce shi ba ruwansa muddin ba zai riƙa tuntuɓe da dare ba. Umma kuwa da na nuna mata, cewa ta yi in dai tana raye ba za a ce 'yarta na zaune a kurkuku ba. Akwai wadda ta taɓa gwadawa? Ga hotunan nan na tura.

Anti Jummai:
Wa'alaikumus salam. Tabɗi. Hoto na biyun nan ai ɗakin kakata ne a Ɗambatta, fitilar ce kawai babu. Har randar.

Hajiya Yalwa:
'Yata, ni ina bayan Ummanki. Ku yaran yanzu ba ku zauna a ɗakin ƙasa ba shi ya sa yake ba ku sha'awa. Mu mun zauna. Duk damina sai an yi yaɓe, ƙasa na zubo miki a tuwo daga azara, kunama na bin gefen tabarma. Ranar da mahaifinmu ya sa siminti a tsakar ɗakinmu har maƙwabta sai da suka shigo kallo. Yau Allah ya buɗa, sai kuma a ɗauki kuɗi a biya mai fenti ya mayar da bango kamar wanda hayaƙin murhu ya dafe? Sannan ki tuna falo ba naki ba ne ke kaɗai. Dangin miji za su zo ganin gida. Ba za su ce ado ne ba, cewa za su yi iyayenki sun kasa.

Sani Mai Fenti:
Hajiya a gafarce ni in sa baki, tunda aikina aka taɓo. Maman Ilham, kafin maganar kyau ko muni, ki amsa mini abu uku. Tagogin falon nawa ne, ina suka kalla? Kuna da sola ko inbata? Kuma mai gidan ya san za ki canza fenti?

Abin da ya sa na tambaya: farin fenti yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa, ruwan gawayi kuwa da ƙyar ya mayar da kashi 10. Ƙwan lantarki ɗaya da ke wadatar da farin falo, a baƙi sai ki ga kamar an kunna aci-bal-bal. Hotunan da kika turo, ki ƙirga fitilun da ke cikin na farko. Ni na ga biyar, ban da hasken da mai hoto ya haska daga baya wanda ba ya fitowa. To ranar da aka ɗauke wuta da magariba fa?

Na biyu, hunturu. Ƙurarmu fara ce. A farin bango ɓuya take yi, a baƙi kuwa duk inda ta kwanta sai ta nuna, musamman saman soket da gefen ƙofa. Kuma fentin da ke ba da irin kyan nan na hoto shi ne marar ƙyalli, shi ne kuma wanda ba ya son goga. Kin sa tsumma mai ruwa, sai wurin ya bar tabo yana sheƙi. Ga yara da hannun miya.

Maman Ilham:
Malam Sani taga biyu ce, babba tana kallon gabas, ƙarama kudu. Inbata akwai, ƙarama. Mai gida kam ban faɗa masa ba tukuna.

Sani Mai Fenti:
To ki fara da shi. Mayar da baƙin bango fari ba shafa ɗaya ba ce, sai an yi ta ƙasa sannan a bi sau biyu ko uku. Ranar tashi a kanku kuɗin zai faɗa.

Maman Khalil:
Ba wanda ya yi maganar sauro. Sauro yana son duhu, a baƙin abu yake laɓewa da rana. A farin bango ko banza kina ganinsa ki kai masa mari.

Nafisa (Japan):
Sannunku. Yaya Maman Ilham, ni karatu ya kawo ni ƙasar nan, kuma ina zuwa ajin koyon haɗa shayinsu na gargajiya, to bari in faɗi abin da na gani da idona.

Abu biyun da kike son haɗawa ba hanyarsu ɗaya ba. Boho ƙari ne: a ƙara darduma, a ƙara matashi, a ƙara abin ratayawa. Ya samo asali ne daga zaman matalautan masu zane da marubuta a Paris a ƙarni na 19, waɗanda ke cika ɗaki da duk abin da suka tsinta a gwanjo, daga baya matasan Turai da Amurka na shekarun 1960 da 1970 suka riƙa zuwa Maroko da Indiya suna kwaso kaya. Wabi-sabi kuwa ragi ne. Malamarmu takan sa fure ɗaya tal a ɗakin, wani lokacin ma toho ne da bai buɗe ba. Da zarar an gama sai ta ɗauke.

Mutumin da aka fi dangantawa da abin shi ne Sen no Rikyu, wanda aka haifa a Sakai a 1522, ya mutu a 1591. A zamaninsa manya suna alfahari ne da kayan shayi na ƙasar Sin, masu santsi da tsada. Shi sai ya sa wani magini mai suna Chojiro ya riƙa gina masa kwanonin yumɓu da hannu, ba a kan faifan juyi ba, baƙaƙe da jajaye, bakinsu ba daidai ba. Akwai ɗakin shayin da ake cewa shi ya tsara, Tai-an, a Yamazaki kusa da Kyoto. Tabarma biyu ce faɗinsa kaf, bangon yaɓen ƙasa ne har ana ganin ciyawar da aka cuɗa. Ƙofar baƙi ƙarama ce, sai ka durƙusa ka rarrafa, jarumi ma dole ya kwance takobi ya bari a waje.

Amma abin da hoto ba ya nunawa shi ne tsabta. Kafin a fara darasi, da tsumma muke bin tabarmar a durƙushe, layi-layi. Kwanon da na fara riƙewa baƙi ne, gefe ɗaya ya fi kauri, akwai wurin da yatsan maginin ya lotsa, babban yatsana ya zauna a wurin daram. Tsoho ne ƙwarai, amma ba ɗigon datti a jikinsa. Su a wurinsu tsufa daban, ƙazanta daban.

Hajiya Yalwa:
To 'yar nan, shi wannan Malam Rikyun talaka ne?

Nafisa (Japan):
A'a Hajiya, ɗan gidan 'yan kasuwa ne masu hali, kuma shi ne shugaban shayi a fadar Toyotomi Hideyoshi, wanda ke riƙe da ƙasar a lokacin. Shi Hideyoshin har ɗakin shayi na zinare gare shi, wanda ake kwancewa a ɗauka a kai wani wuri a sake haɗawa. A ƙarshe ma shi ne ya ba Rikyu umarnin ya kashe kansa.

Hajiya Yalwa:
Ai na san za a rina. Mai ƙoshi ne ke wasa da gaya. Wanda ke da ɗakin zinare a gefe shi ne zai shiga bukka ya ce daɗi. In mai kuɗi ya ajiye fasasshiyar tukunya a falo a ce ilimi ne, in matar malamin firamare ta ajiye a ce wayyo.

Bashir Zariya:
Hajiya maganarku gaskiya ce, ba zan musa ba. Ko a Turai masu kuɗi ne suka fi yayata abin. Axel Vervoordt, ɗan Beljiyam da ya yi suna da wannan salo, attajirai yake yi wa aiki, shi ne ya yi wa Kim Kardashian da Kanye West gidansu. Bangon da ke kama da na talaka a hoton nan, ƙwararru aka biya suka yi shi.

Inda na rabu da ku shi ne cewa ginin ƙasa duk wahala ne. Ni zanen gidaje na karanta, kuma abin da ya fi ba ni haushi a makaranta shi ne sai da Bature ya rubuta littafi a kan gininmu sannan muka fara ganin girmansa. Ku shiga tsohon ɓangaren Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19 zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Ƙasa ce da azara, amma ku dubi bakan gizon nan da zanen da ke jikin ginshiƙai. Ko Gidan Makama a nan Kano. Ba ɗakin da tuwo ke cin ƙasa ba ne. Magina na da sun san makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a shafe bango da daɓe su yi jaja-jaja mai duhu, ruwa ba ya cinsu da wuri. Sun san laso, shafen da ke hana ruwa shiga gini, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Launin da Maman Ilham ke nema a gwangwanin fenti, ruwan makuba ne, sunansa ma a bakinmu yake. Kuma ɗakunan nan da ƙananan tagogi ake yinsu da gangan. A ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40, inuwa ni'ima ce. Mu ne muka koma gilashi da fararen tayil da ƙwan lantarki mai farin haske kamar ɗakin tiyata.

Anti Jummai:
Injiniya, duk wannan yabon, gidanka na ƙasa ne?

Bashir Zariya:
Bulo ne Anti, haya nake kamar kowa. Amma zaurena na shafe shi da ruwan makuba, kuma a nan baƙi suke son zama.

Maman Khalil:
Tambaya: baƙin fenti ba ya ƙara zafi?

Bashir Zariya:
A waje yana ƙarawa sosai, kada ma a fara. A ciki kuwa bangon da rana ba ta taɓawa bambancin kaɗan ne. Zafin ɗaki daga kwanon rufi yake sauka, sai bangon yamma da ke shan rana tun azahar. Inda abin yake shi ne in hasken taga na faɗawa kan baƙin bango ko baƙar darduma kai tsaye, nan zai riƙe zafi. Babbar tagarta gabas take kallo, da hantsi ya wuce shi ke nan.

Ummu Abdallah:
Ni wani ɓangare nake so a duba. Na karanta cewa wabi-sabi yana da alaƙa da addinin Buddha. Sannan hotunan bohon nan cike suke da gumaka, da ƙoƙon kan sa, da wani zobe mai gashin tsuntsu da ake ratayawa wai yana kama mugun mafarki. Kada garin ado mu shigo da abin da ba mu sani ba ɗakin da muke salla.

Nafisa (Japan):
Alaƙar akwai ta, Anti. Waɗanda suka fara abin sun yi karatu a wurin malaman Zen, wani reshe na addinin Buddha, kuma tunanin cewa komai mai ƙarewa ne daga can ya shigo. Amma benci da tukunya ba abin bauta ba ne ko a wurinsu. Zoben mafarkin kuma ba na Japan ba ne sam, na wasu ƙabilun asalin Amurka ne, 'yan kasuwa suka mayar da shi kayan ado. Wannan da gumakan a bar su kawai, ɗakin ba zai rasa komai ba.

Malam Auwalu:
Ummu Abdallah ta yi tambaya mai kyau. Gunki da abin da ake ratayawa don tsari, waɗannan a fili suke, a nisance su. Ragowar kuwa launi ne da katako. Ƙarancin kaya a ɗaki ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mun san Manzon Allah (SAW) ya kwanta a kan tabarma har ta yi masa shaida a jiki. Haka nan ya ce Allah kyakkyawa ne yana son kyau, don haka mai son ɗakinta ya yi kyau ba ta yi laifi ba, ko da gwal ɗin ne ko da makuba.

Inda zan ja hankali shi ne kwanon nan na hoto na uku, wanda aka liƙe tsagarsa da zinare. Ya zo a Bukhari daga Anas cewa ƙoƙon Annabi (SAW) ya tsage, aka ɗaure wurin da azurfa. Daga nan malamai suka yi sauƙi a kan ɗan gyara da azurfa don buƙata. Zinare kuwa da yawansu ba su yarda ba a abin ci da sha. Wadda ke son ta ci abinci a irinsa ta tambayi malaminta tukuna.

Nafisa (Japan):
Kintsugi ke nan Malam. Na gaskiya da ƙaron wata bishiya ake liƙewa, urushi, a bar shi ya bushe makonni, sannan a ƙara shafa ƙaron a kan layin a barbaɗa garin zinare. Ɗanyen ƙaron yana sa ƙaiƙayi da kumburi in ya taɓa fata. Wanda ake tallatawa a intanet da arha yawanci gam ne da hoda mai ruwan gwal, ba zinare a ciki, kuma bai kamata a zuba abinci mai zafi a kai ba. Har akwai masu fasa sabon kwano da guduma don su liƙe. Malamarmu da aka nuna mata bidiyon ba ta ce komai ba, kawar da kai kawai ta yi.

Anti Jummai:
Ikon Allah. Mu da muke da gyartai? Ƙwaryar furar kakata ɗinki uku gare ta. Mutumin yakan zo ranar kasuwa ya zauna a gindin bishiya da basillarsa, ya huda nan ya huda can, ya bi tsagar da zare ya ɗaure tam, ko ɗigo ba ta yi. Ƙwaryar ta yi ja saboda shekaru, cikinta sumul. Da ta rasu aka rasa mai ɗauka, ƙarshenta kaji aka riƙa zuba wa dusa a ciki.

Maman Ilham:
Wayyo Anti, da tana nan da na saya.

Anti Jummai:
Kin ji ba. Ni da nake sayar da kayan ɗaki shekara da shekaru, bari in gaya miki yadda kasuwar take. Uwar amarya ba ta taɓa shigowa shagona ta ce a ba ta abin da ya yi kama da tsoho. Mai ƙyalli take nema, wanda za a gani daga bakin ƙofa ranar jere. Kuma ba yau aka fara ba. Iyayenmu tasoshi da kwalla da samira suka jera har rufi, ba don a ci abinci a ciki ba. Kafin su ƙore ne a kan ƙore. Jere shaida ce cewa yarinya da gatanta, kuma dukiyarta ce, in ta shiga matsi ta ɗauki ɗaya ta sayar. To ki ce za ki zauna da benci ɗaya da tukunya, Ummanki ba bangon take ji ba, bakin mutane take ji.

Amma in boho ne, wannan ai jere ne da wani suna. Shi ba zai yi miki wahalar sayarwa a wurin dangi ba, don ɗakin cike yake.

Rabi Damagaram:
Sannunku da hira, daga Zinder. Ni abin da ke ba ni dariya, kayan da ke hoton farko rabinsu daga wajenmu suke tafiya. Tabarmar Buzaye mai ɗinkin fata, tum-tum, faifai, akwatin fata na Agadas. Turawa na saye su kai Paris, 'yan uwanmu kuma su gani a waya su ce a yo musu oda daga Dubai. Ko fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, ai da yawanta jar akuyar Sakkwato ce da aka jeme a ƙasar Hausa, ayari ya haura da ita Sahara.

Maman Ilham ki shiga kasuwar Kurmi da ƙafarki. Amma ki shinshina tum-tum kafin ki biya. Wanda ba a jeme da kyau ba, da damina ta sauka zai cika miki falo da ƙarni, ya yi fumfuna. Mai kyau ƙamshin bagaruwa yake yi. Kuma ki saye shi ba ciko, ki cika da tsofaffin tufafinki, don ba ki san abin da suka tura a ciki ba.

Mu nan da kuran, wato wutar lantarki, ke yawan yankewa, wata ƙawata bango ɗaya kawai ta yi wa duhu, wanda ke bayan kujera, sauran ta bar su ruwan ƙasa mai haske. Ya yi kyau, kuma ana ganin hanya.

Sani Mai Fenti:
Shawarar da nake shirin bayarwa ke nan Hajiya Rabi ta riga ni. Bango ɗaya, wanda tagar gabas ba ta haskawa kai tsaye. Kuma kada ki ɗauki baƙi wuluk. Ruwan makuba, ko ruwan hanta, ko kore mai duhu, sun fi haƙuri da ƙura. Silin a bar shi da haske.

Shi kuma bangon nan mai gajimare-gajimare na hoto na biyu, farar ƙasa ce aka sa wa launi, aka shafa da babban burushi ana gicciyawa. Mu da muka taso muna shafe masallaci da ita kafin salla mun san halinta. Tana son bangon da ke shan ruwa, wato filasta tsirara. A kan fenti mai santsi ba ta kamawa sai an yi shafar ƙasa ta musamman. Tana bushewa ta yi haske fiye da yadda take a bokiti nesa ba kusa ba, shi ya sa samun mai duhu sosai da ita ke da wuya. Tana cin hannu, a kiyaye ido. In ba a haɗa ta daidai ba kuma duk wanda ya jingina sai ya tashi da ita a riga. Ki sa a gwada miki a faɗin taku ɗaya a bayan ƙofa, ki duba da safe, ki duba da dare, sannan ki yanke.

Wani abu kuma: ki duba gindin bangon. In gidan yana jan ruwa da damina, gishirin nan fari zai fito, a kan duhu kuwa ba ya ɓuya.

Bashir Zariya:
A ƙara da maganar ƙwan lantarki. In kin je saye ki duba jikin kwalin, za ki ga lamba da K a gaba. Wanda ya cika kasuwa 6500K ne, fari tas mai shuɗi-shuɗi, shi ke sa launin ƙasa ya koma kamar toka. Ki nemi 2700K ko 3000K, masu jan haske. Ƙanana uku a ƙasa-ƙasa sun fi babba ɗaya a tsakiyar silin, kuma na LED ne, inbatarki za ta ɗauka. Amma ki bar farin guda ɗaya a sama da makunninsa daban, don ranar da allura ta faɗi ko yara za su yi aikin makaranta.

Maman Khalil:
Labule fa? Ni na sayi rinin Ƙofar Mata na yi zanin gado, wata biyu duk wanda ya kwanta sai ya tashi shuɗi.

Hajiya Yalwa:
Ai haka baba yake 'yata, ba algus ba ne. Buzaye har so suke ya kama musu fata. A wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi sau da yawa har ruwan ya washe, a shanya a inuwa. Na labule kuma a yi masa shafi ta baya don rana na cinye shi. Zanen saƙi na aurena har yau yana cikin adaka, shuɗin ya kwanta ya yi laushi, ya fi ranar da aka saya kyau.

Anti Jummai:
Au Hajiya, ashe ku ma 'yan wabi-sabin ne a ɓoye.

Hajiya Yalwa:
A adaka na ce, Jummai, ban ce a falo ba.

Bashir Zariya:
Tunda an zo kan tukwane, akwai wata igiya da ta haɗa mu da Japan da mutane ba su lura da ita ba, tana cikin aljihun kowa. Matar da ke bayan naira 20, Ladi Kwali. Tukwanen ruwa take ginawa da hannu irin na Gwari, Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana tara su a fada. A nan wani Bature Michael Cardew ya gan su, wanda ya buɗe makarantar ginin tukwane a Abuja ta da, Suleja ta yanzu, a farkon shekarun 1950. Ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Shi Cardew almajirin Bernard Leach ne, Leach kuwa a Japan ya koyi sana'ar, ya dawo Ingila tare da Shoji Hamada suka kafa maginarsu a 1920. To idon da ya ga tukunyar Gwari ya san abu ce mai daraja, a hannun mutanen da suka sha daga Japan ya samu horo. Yau tukwanenta suna gidajen tarihi a Turai da Amurka, mu kuma muna wuce irinsu a bakin titin Abuja zuwa Kaduna ba ma rage gudu.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Ga inda na tsaya: bango ɗaya ruwan makuba in mai gida ya yarda, sauran ruwan ƙasa. Kujerun aurena suna nan, zan sa a canza musu yadi kawai, don in na fitar da su Umma ba za ta yafe mini ba. Tabarma da tum-tum daga Kurmi. Akwai wani tsohon turmi a gidanmu da ya tsage aka jingine shi a bayan ɗaki, shi nake so in kifa in yi teburin gefe, da akushin kakanmu in Umma ta ba ni.

Sani Mai Fenti:
Turmin nan kada ki shigar da shi kai tsaye. Ki ƙwanƙwasa ki ji ko gara ta cinye cikinsa, ki duba ƙananan huji masu zubar da gari. A kankare, a sa magani, ya sha rana kwana da kwanaki. Kuma don Allah kada a bari kafinta ya shafa masa banish mai ƙyalli, da kin juya baya zai yi, a ganinsa gyara ne. Man da ake shafa wa katako ya isa. Duk wani tsohon katako na gwanjo haka, ga kuɗin cizo.

Nafisa (Japan):
Ni dai Yaya in za ki ji tawa, ki zaɓi ɗaya tsakanin turmin da akushin a falo, ɗayan ya tafi ɗaki. Ki bar kusurwa ɗaya ba komai.

Rabi Damagaram:
Kusurwa ba komai a gidan Bahaushiya? Kafin sati an ajiye buta da sallaya.

Hajiya Yalwa:
Akushi kuma ba a ajiye shi a bushe, tsagewa yake. A riƙa shafa masa man gyaɗa ko man shanu lokaci-lokaci. Ki ce wa Ummanki ta kira ni, ni zan yi mata maganar bangon. Turmin ne ban yi alkawari ba.

Maman Khalil:
Malam Sani, nawa ne aikin bango ɗaya in da kayana? Nawa falon tagarsa yamma take kallo.

Sani Mai Fenti:
Yamma kam sai na zo na gani Hajiya. Ki turo mini awon bangon ta akwatin saƙo, da hotonsa wajen ƙarfe huɗu na yamma, labule a buɗe.